Fara da Cire

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Wannan littafin ba nawa ba ne, na 'yata ne. Na juyo shi ta baya, inda shafuka suke farare, domin ta ce, "Baba, duk abin da ka yi ka rubuta, in ba haka ba gobe ba za ka san inda ka ɓata ba." To ga ni ina rubutu. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, kuma ba korata aka yi ba, ni da malamin ne muka fahimci juna. Shekara talatin da ɗaya ina facin taya a bakin titi. In biro ya ga hannuna har karkarwa yake yi.

Farfesa nake ce mata, tun tana 'yar shekara bakwai, ranar da ta gyara min rubutun allon shagona. Yanzu shekararta ashirin da uku. Sana'arta man leɓe. Tana haɗa man kaɗanya da man koko, na cakulan, da kakin zuma da ɗan man kwakwa, ta zuba a 'yan gwangwanaye masu faɗin murfin kwalba. Duk haɗin da ya yi kyau sai ta ba shi maki da jan biro a gefen shafi, kamar malamar makaranta.

Yau kwananta goma sha ɗaya a asibiti, gado na huɗu daga ƙofa.

Sauran abubuwan likitoci suna can suna yi, ba fannina ba ne. Amma leɓenta na gani da idona. Ya bushe ya tsattsage kamar tayar da ta shekara a rana. Na kanti da muka sayo ta ce raɗaɗi yake sa mata. Nata na ƙarshe ya ƙare shekaranjiya, har uwarta ta kankare gindin gwangwanin da farce.

Sai bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba, ya ce, "Ni zan haɗa miki."

Uwarta, wadda nake kira Gwamnati saboda ba a ja da ita, ta dube ni ta saman kafaɗa. "Kai? Kai da ruwan zafi ma ƙonewa yake a hannunka?"

Farfesa ta ce, "Ki bar shi, Mama. Kayan suna kan shiryayye. Sai dai ma'aunin zafina ya fashe."

Na ce, "Ai kyanwar nan ba ta kyauta ba."

Tunda littafi ba ya tsegumi, bari in faɗa. Ni na fasa shi, wata biyu da suka wuce. Na rasa cokali ne, na ga wani dogon gilashi a kofi, na juya shayi da shi. Na ɗora wa kyanwa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 11:15 na safe

Ban buɗe shago ba. Na shiga kicin kamar baƙo. Ƙaramar tukunya a cikin babba mai ruwa, kamar yadda na sha ganin tana yi. Awon kayan yana shafi na uku, rubutunta ɗaya bayan ɗaya kamar sojoji.

Batun ma'aunin zafi kuwa na ce ba na bukata. Mutumin da yake danna taya da babban yatsa ya faɗi iskar da ke ciki, mai ne zai gagare shi? Na tsoma yatsa. Yatsa ya ce ya yi. Yatsa ya kuma ce wayyo.

Gwangwani shida na cika, na jera a kan tebur suka huce da kansu. Sun fito sumul suna ƙyalli. Na zagaya teburin sau biyu ina gaida kaina.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 7:00 na yamma

Jiya ba su bar mu mun shiga ba, sun ce ana mata wani gwaji. Yau na kai.

Ta buɗe, ta shinshina, ta lakata, ta kai leɓe. Sai na ga ta runtse ido.

"Baba, yashi ka kawo min?"

Na karɓa na murza a bayan hannuna. Wallahi yashi. Wasu 'yan tsaki-tsaki sun fito a cikinsa waɗanda babu su ranar Talata. A fatata, wadda ƙusa ma sai ta yi sallama kafin ta shiga, ba komai ba ne. A leɓenta kuwa na ga wani ɗan jan layi ya buɗe.

Ta ce, "Haka man kaɗanya yake, sai an hore shi. In ba a kai shi zafin da yake so ba, sai ya yi shiru kwana biyu, uku, sannan ya fito da halinsa."

Na ce, "Ashe ɗan gidanmu ne. Halin dangin uwarki ke nan."

Gwamnati ta ce, "Allah ya shirye ka."

Farfesa ta so ta yi min bayani, amma numfashi ya tsaya mata a hanya. Ta ce, "Shafi na tara. Ka nemo ma'auni. Ba yatsa ba, Baba."

Da muka fito likita ya tsayar da Gwamnati a baranda, suka daɗe. Ni na tsaya ina karanta wata takarda a bango a kan wanke hannu. Sau huɗu na karanta ta. Ban tambaya ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Na tuna muna da ma'auni a gida, na zazzaɓi, wanda ake sawa a hammata. Na ce ai zafi zafi ne. Na tsoma shi a narkakken mai. Ya yi ƙara sau uku, ya nuna wasu haruffa, ya ɗauke wuta. Na girgiza shi, na hura masa iska, na roƙe shi.

Gwamnati ta shigo ta same ni da gawar a hannu. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi biyu. Sai ta karɓa kawai, ta goge shi da gefen zaninta, ta riƙe. Ta ce, "Da shi na auna ta daren farko."

Ta mayar da shi cikin kwalinsa. Da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Na je shagon kayan kicin da ke bayan tasha. Mai shagon wani dogo ne mai magana kamar rediyo. Ya baje min iri uku a kan kanta.

Na farko dogon gilashi mai maƙali, ɗan'uwan marigayin da na juya shayi da shi. Na kawar da kai, ba na son haɗa ido da danginsa.

Na biyu ƙarfe ne siriri kamar tsinke, da ɗan allo a kansa mai nuna lamba. Mai shago ya ce, "Wannan shi masu sana'a suke ɗauka, sai dai yana son haƙuri, sai ka tsoma ka jira."

Na uku bindiga. Bindiga sosai, ja da baƙi, da kunama. Ka auna ta daga nesa, ɗan jan haske ya sauka, lamba ta fito nan take.

Mai shago ya ce, "Baba, me za ka auna?"

Na ce, "Kai dai naɗe min bindigar."

Na dawo gida na harbi bango, na harbi buta, na harbi maƙwabcinmu tela ta taga. Na auna goshin Gwamnati na ce, "Ranki ya daɗe, ashe sanyi gare ki, duk shekarun nan ƙazafi ake miki." Saura kaɗan ta yi murmushi. Na ga gefen bakinta ya motsa, sai ta tuna, ta fasa.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Cokali biyu ta ci. Ta yi barci muna zaune.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

Bindigar nan maƙaryaciya ce. Na harbi tsakiyar tukunya ta ce sittin. Na harbi gefe ta ce arba'in da biyar. Na juya man na sake harbi ta ce saba'in da uku. Na yi aiki da mutane irinta.

Na kai ƙararta wurin Farfesa. An sa mata robar iska a hanci yanzu, an jona da wata tukunyar ƙarfe mai geji a kai. Shekara talatin da ɗaya ina sayar da iska, ban taɓa tsayawa na kalli geji yadda na kalli wannan ba.

Ta ce, "Bindiga fuska kawai take gani, Baba. Ba ta san abin da ke ciki ba. Mai tsinken za ka ɗauko."

Na ce, "Ai na sani, gwada ki nake yi."

Nas mai tabarau, wadda ke kula da layin gadonsu, ta ce, "Baba, kai ne mai haɗa man? Kullum sai ta ba mu labarinka." Na ce in dai labarina ne to rabi ƙarya ne, sauran rabin kuma a rufa min asiri.

Na koma wurin dogo. Ya karɓi bindiga ya miƙo tsinke.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 12:10 na rana

Shafi na tara. Ga abin da ta rubuta, na kwafo shi yadda yake:

*175 F / 80 C, minti 20. Sai firji.*

Na zauna na yi nazari kamar alƙali. Yarinyar nan ba ta son dogon rubutu, komai sai ta gajarta. F, ai fara ke nan. C kuma cire. Ka fara a ɗari da saba'in da biyar, ka cire a tamanin. Har na ji tausayin waɗanda suka ɓata shekaru a makaranta.

Na tsoma tsinke. Lamba ta hau, ta hau, ta zo casa'in da wani abu ta tsaya cak, kamar jakin da ya ga gada. Na ƙara wuta, ruwan babbar tukunya ya yi ta tafasa, lamba ta ƙi gaba. Na ce to ruwan nan ne munafuki. Na fitar da ƙaramar tukunya na ɗora ta kan wuta kai tsaye.

Ta hau kuwa. Wajen ɗari da sittin kicin ya fara wari. A ɗari da saba'in da biyar tela ya leƙo ta taga yana cewa, "Maƙwabci, taya kake ƙonawa a cikin gida?" Na kashe wuta, na tsaya a kai har ya sauko tamanin, na cire, na zuba.

Ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, yana warin gareji. Ban kai mata ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Na je gado na huɗu na tarar da wata tsohuwa a kai. Nas mai tabarau ta riƙo hannuna da sauri ta ce, "Tana sama, Baba, tana sama, ɗaki aka canja mata."

Ɗakin sama mutum ɗaya ake bari ya shiga, minti goma. Na ce Gwamnati ta shiga. Ni na leƙa ta gilashin ƙofa. Daga nan ba a ganin leɓe.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na sake. Na ce ko minti ashirin ɗin nan a sama ake yin su. Na riƙe shi a ɗari da saba'in da biyar har minti ashirin. Tukunyar ma ba za ta ƙara moruwa ba.

Man kaɗanyar da ke cikin bokitinta ya yi ƙasa. Ita take zaɓo shi da kanta, ta tace sau biyu, ban san a wurin wa take saye ba. Abin da ya rage bai fi dunƙulen hannu biyu ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

Na buɗe shago don kada hannu ya manta. Wani mai mota ya kawo taya, na cire, na duba, na mayar, na ba ta iska. Ya tafi ya dawo bayan minti biyar. Ashe ban yi facin ba. Na ce masa sabon salo ne, ana fara gwada haƙurin mai mota tukuna. Bai yi dariya ba. Ni ma haka.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Gwamnati ta fito daga ɗakin ta ce tana shafa mata ruwa da auduga a baki. Ta ce audugar tana fitowa da ja.

Ba ta ce ina man ba. Ni ma ban tambayi abin da likita ya ce ba. Muka dawo a mota ɗaya kowa yana kallon tagarsa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 7:10 na yamma

Yau ni na shiga. Idonta biyu. Ta rame har zoben da ke yatsanta an cire an ba uwarta.

Ta ce, a hankali, "Ina aikin gida?"

Na ce, "Farfesa, littafinki ne yake da kuskure. Na bi shi tiryan-tiryan. Na fara a inda kika ce a fara, na cire a inda kika ce a cire."

Ta ce, "Ina na ce a fara?"

Na buɗe shafi na tara na nuna mata da yatsa. "Ga shi. F, fara. C, cire."

Ta dubi shafin. Ta dube ni. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka tari ne, har na juya zan kira nas. Ashe dariya ce. Dariya take yi ba sauti, hawaye na gangarowa cikin kunnenta, na'urar da ke gefen gado tana ta ƙara. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin mu zo asibitin nan.

Sai leɓen ƙasa ya tsage a tsakiya. Jini ya taru ya gangaro haɓarta.

Na rasa inda zan sa hannuna. Duk rayuwata ba ni da abin da nake taƙama da shi sai sa mutane dariya, yau ga abin da ta jawo.

Ta riƙe auduga a baki ta ce, "Kar ka ɓata fuska. Dariyar ta biya kuɗinta." Ta huta. "Baba, zafi ɗaya ne. Harshe biyu ne kawai. Gejin shagonka ba layi biyu ne da shi ba, baƙi a waje, ja a ciki?"

Na ce, "Haka ne."

"To iska biyu ce a tayar?"

Gejin nan yana rataye a ƙusa tun kafin a haife ta, ado na ɗauke shi.

Ta ce, "Tsinkenka a kan C yake. Tamanin. Ka riƙe shi a nan minti ashirin, kar ya hau kar ya sauka. Ka zuba, ka sa a firji nan take, kar ka bari ya huce a tebur. Sai ka ba shi kwana uku. In bai yi yashi ba a kwana uku, ya horu."

Nas ta buɗe ƙofa ta nuna min agogo.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Na kankare bokitin tas. In wannan ya lalace, shi ke nan.

Na aro tukunya wurin matar tela. Ruwa a ƙasa, mai a sama, tsinke a tsakiya, ban bari ya taɓa gindin tukunya ba. Saba'in da shida. Saba'in da tara. Tamanin.

Ban san minti ashirin suna da tsawo haka ba. Ya hau tamanin da biyu, in rage wuta. Ya sauko saba'in da takwas, in ƙara. Ina juyawa ina masa magana kamar mai lallashin jariri. Gumi ya shiga idona ban share ba. Gwamnati ta zo ta tsaya a bayana, ban ji shigowarta ba, sai ji na yi ta ce, "Saura huɗu." Ashe agogo take riƙe min.

Ita ta kwashe kayan firji ta share min wuri. Gwangwani biyar da rabi. Muka rufe ƙofar firjin muka tsaya muna kallonta kamar talabijin.

Kwana uku. Juma'a ke nan.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Na murza a bayan hannu. Sumul. Amma na Talatar farko ma haka ya yaudare ni.

Laraba, ƙarfe 5:40 na yamma

Likita ya ce mu shigo ofishinsa mu biyu. Ya ba mu kujeru. Ya rufe ƙofa da kansa. Akwai kalanda a bangonsa mai hoton wani tafki da jirgin ruwa, ba kowa a cikin jirgin. Ya yi magana mai tsawo, da murya mai kyau. Gwamnati ta riƙe hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

Ya ce ko muna da tambaya. Ban tambaya ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 9:20 na safe

Na kai wa Gwamnati kaya. A matakala na haɗu da nas mai tabarau, ta tashi daga aiki. Ta ce, "Baba, ina man?"

Na ce, "Yana firji yana karatu. Gobe zai gama, Farfesa ta ce kwana uku."

Ta cire tabaran ta goge, ta daɗe tana gogewa. Ta ce, "Kawo shi yau, Baba."

Na ce, "Ai bai cika kwana ukun ba."

Ta ce, "Kawo shi yau."

Alhamis, ƙarfe 6:30 na yamma

Na wanke hannu da sabulu sau uku, na goge da soso har fata ta yi zafi. Baƙin taya ba ya fita, ya zama ɗan gida. Na zaɓi ƙaramin yatsa, shi ne bai yi aikin wahala sosai ba.

Sun bar mu mun shiga mu biyu, ba wanda ya nuna agogo.

Ba ta iya ɗaga hannu zuwa baki. Na lakata, na jira ya ɗan narke a yatsana, na shafa mata a hankali, na ƙasa tukuna, ta gefen inda ya tsage, sannan na sama.

Ta haɗa leɓɓanta ta murza su. Ta sake. Ba ta runtse ido ba.

Ta ce wani abu, na sunkuya.

"Wa ya yi maka?"

Na ce, "Kin ji ki. Sai an raina mutum."

Ta ce, "Bai cika kwana uku ba."

Na ce, "Ɗalibin ne ya matsu a duba masa."

"Ka duba gobe. Ka rubuta."

Na ce to.

Hannuna yana kan zanin gado kusa da nata. Sai na ji yatsanta yana tafiya a bayan hannuna. Ya ɗan sauka, ya tsaya, ya haura dogo. Na san wannan alamar, tana gefen kowane shafi mai kyau a littafin nan.

Na ga in ban faɗa yanzu ba, to. Na ce, "Farfesa, batun ma'auninki na gilashi."

Ta ce, idonta a rufe, "Baba. Ba mu da kyanwa."

Gwamnati ta juya ta fuskanci bango. Ban sani ba ko dariya take yi ko kuka. Wataƙila duka biyun.

Juma'a, 21 ga wata

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Takalman masu ta'aziyya sun cika ƙofar gida. Ban san muna da mutane haka ba. Mata da yawa da ban sani ba, kowacce sai ta buɗe jaka ta nuna wa Gwamnati ɗan gwangwaninta.

Wani ya ce, "Baba mai barkwanci yau ya yi shiru." Na nemi abin da zan ce masa, na laluba ko'ina, ba komai a aljihun.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Dogo mai shagon kayan kicin ya zo. Ban san wa ya faɗa masa ba. Ya zauna kusa da ni rabin awa, rediyon nan bai ce uffan ba. Da zai tafi ya ce, "Tsinken ya yi aiki?" Na ce ya yi.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Gida ya watse, saura mu biyu.

An ce in duba ranar Juma'a in rubuta. Na makara da mako guda, amma malamar ta san ɗalibinta.

Na fito da gwangwanayen. Kwanansu goma. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, har da rabin, na murza a bayan hannu, na murza a cikin hannu. Na ce fatata ba shaida ba ce. Na kai wa Gwamnati ɗaki. Tana zaune a bakin gado, leɓenta ya bushe ya yi fari, mako guda ba ta sha ruwan kirki ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ana neman sa hannun hukuma."

Ta daɗe tana kallon gwangwanin. Ta lakata ta shafa. Ta haɗa leɓɓanta ta murza su, sak yadda 'yarta take yi. Ban taɓa lura a wurin wa ta gado shi ba.

Ta ce, "Babu yashi."

Na dawo kicin na buɗe shafi na tara. A ƙarƙashin rubutunta na rubuta da nawa, mai kama da sawun kaza: *18 ga wata. Tamanin, minti ashirin, firji. Kwana goma, babu yashi. Ya horu.*

Jan bironta yana cikin kofin da marigayi gilashi yake zama. Na ɗauko, na sa maki a gefe. Ya ɗan sauka, ya tsaya, ya haura dogo.

Kada wani ya ga shafin nan ya ce tsoho ya ba kansa maki. An riga an ba ni tun ranar Alhamis. Kwafa kawai na yi.